Rabin Leda

Tun da Mama ta rasu, tukunyar shinkafa ba ta sake hawa wuta a gidan ba. Auta ce kaɗai ta rage tare da Baba, ita kuma tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Da safe take fita, sai yamma liƙis take dawowa ƙafafu a kumbure. Shi ya sa ranar da ta ga dafaffiyar shinkafa ta leda a kanti, wadda ake tsomawa cikin ruwan zafi a ɗumama kawai, ta ji kamar don ita aka yi ta.

Ba sauƙin ne kaɗai ya ja ta ba. A bayan ledar akwai ƙananan rubutu cikin ɗan akwati: kalori kaza, sitaci kaza, gishiri kaza, mai kaza. Likita ya ce sugan Baba ya hau, a rage masa shinkafa, ya rage jiki. Shinkafar tukunya ba ta gaya wa mutum abin da ke cikinta, wannan kuwa komai a rubuce yake, Auta kuma mace ce mai yarda da abin da aka auna. Ta duba ta ga ma'aunin na rabin leda ne. Don haka rabi take juye wa Baba, ta jera masa ganye da kifi a gefe, ta ninke bakin ledar ta maƙale shi da abin shanya, ta sa a firji.

"Uwata, wannan abinci ne ko ɗanɗano?" in ji Baba, yana leƙen farantin ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiran ta da shi ba.

"Kalori ɗari biyu ne, Baba. Ya ishe ka."

"Wai shi Kalorin nan ɗan gidan wa ne? Na tsufa ina tuƙa babbar mota, babu tashar da ban kwana ba, ban taɓa gamuwa da shi ba. Yau ga shi ya zo ya zauna mini a faranti."

Takan yi dariya, amma ba ta ƙarawa. Wani lokaci yakan bi ta da ido har ta rufe firjin, sannan ya tattara ragowar ƙwayoyin da yatsa ya kai baki.

Jiki kuwa ya fara sauka. Tumbin da ya tara a kujerar mota ya lafa. Ya ɗauki ƙusa ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, bayan ɗan lokaci ya sake huda wani. Auta ta kira Yaya, babban wanta, a waya tana murna.

"Yaya, da ka ga Baba ba za ka gane shi ba. Ya koma saurayi."

"To Hajiya Sikeli, sannu da aiki," in ji Yaya. "Ki dai bar mana ɗan abin da za mu tarar idan mun zo."

Da Baba ya fara barin saura ko a cikin rabin, ta ce cikinsa ne ya saba da kaɗan. Da ya ce bayansa na ciwo, ta ce tsohon ciwon tuƙi ne, ta shafa masa man zafi ta ƙasan riga tana hira.

Wata Asabar da hantsi tana shanya kaya, ya fito daga wanka da tawul a ƙugu, yana dafa bango. Ta juyo da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, sai ta tsaya. Haƙarƙarinsa a jere suke, fatar damtsensa ta saki kamar rigar aro, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ta san jikin masu rage ƙiba, ta kuma san jikin waɗanda take ɗibar jininsu suna kawar da kai. Rabin leda ba ya narkar da mutum haka. Rigar ta faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Aka yi gwaji, aka ɗauki hoto, aka sake wani. Ranar da sakamako ya fito, likitan ya daɗe yana gyara takardun gabansa kafin ya yi magana. Ciwon daji ne a ciki, kuma ya riga ya yaɗu. Mai yiwuwa ma shi ya tayar da sugan tun farko.

"Ramar nan tun yaushe?" ya tambaye ta.

"An daɗe," ta ce. "Na ɗauka abincin ne yake aiki."

Likitan ya dube ta. Ya juya ga Baba ya yi masa bayanin maganin rage zafi. Suna shirin tashi ya ce, "Daga yau a ba shi duk abin da ransa ke so. Kada a hana shi komai."

A cikin tasi Baba ya jingina kai da gilashi. Can ya ce, "Uwata, kin ji dai da kunnenki."

"Na ji, Baba. Me kake so?"

"Shinkafa. Ta tukunya. Da mai da albasa, ki bar ta ta kama ƙasa kaɗan."

Ta sauko da tukunyar Mama daga saman kabad, ta wanke ta sau biyu. Ba ta auna komai ba, da hannu ta ɗebi shinkafar, ta tuttula mai har ya taso. Baba ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar kicin, ido a lumshe, yana shaƙar ƙamshin albasa. Ta cika faranti har ya yi tozo, ta kankaro ƙanzon ta ɗora a sama.

Ya yi bismilla ya kai cokali na farko, ya tauna a hankali ya haɗiye. Na biyu ya daɗe a bakinsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ta ga maƙogwaronsa yana ƙoƙari, sannan ya ajiye cokalin.

"Ta yi daɗi. Wallahi ta yi daɗi." Ya dafa ƙirjinsa. "Hanyar ce ta rufe."

Auta ta durƙusa a gabansa. "Baba, lokacin da kake iya ci, ni na hana ka."

"So kike in daɗe, ai na sani." Ya tura farantin wajenta da bayan hannu. "Zauna ki ci in gani. Kada ta huce."

Ta zauna a ƙasa ta ɗauki cokalinsa. Ta kai cokali ɗaya baki ta haɗiye, ta ƙara wani. Baba yana bin kowane cokali da ido tun daga faranti har bakinta, leɓɓansa suna ɗan motsi.

"Ɗebo ta wajen ƙanzon," ya ce.