Kwalbatin Gangare

Da aka tashi zaɓen shugaban kwamitin hanya, unguwa ta ɗora Tela, don ba ya cin na kowa. Matsalarsa ɗaya, yana son a san haka, kuma a faɗa a gabansa. Ya yi yawon ofis-ofis har takalminsa ya suɗe, 'yan unguwa suka yi karo-karo, hukuma ta cika sauran, aka fara zuba jar ƙasa.

Aiki ya yi nisa sai injiniya ya tara kwamiti a shagon ɗinki. Ya ce siminti ya yi tashin gwauron zabi, dole a haƙura da kwalbati ɗaya cikin biyu: ko na bakin kasuwa, ko na gangaren da gidan yayar Tela yake. Kowa ya zuba wa Tela ido. A gangaren nan ya girma, ya san duk ruwan unguwa ta nan yake bi, na kasuwa kuwa ko ba kwalbati yana da wata mafita. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya hango Mahauci, wani ɗan kwamitin, yana murmushin nan nasa na bari mu gani.

"A yi na kasuwa," in ji Tela. "Hanya ta jama'a ce, ba ta danginmu ba."

Aka yi ta sa masa albarka. Ya ji daɗi kuwa, har ya riƙa maimaita maganar ga masu kawo ɗinki, ko ba su tambaya ba.

Aka shimfiɗa kwalta, hanya ta fito sumul, ta ɗara ƙofofin gidaje tsawo. Motocin kaya suka fara shigowa, shaguna suka buɗe. Da damina ta kankama, aka tafka ruwa, ya gangaro ya tarar da kwalta ta tare shi, sai ya juya gidan Yaya.

Tela ya je da safe. Ya same ta tsaye cikin ruwa har ƙwauri, tana jan jiƙaƙƙiyar katifa. Bangon ɗakinta ya tsage daga ƙasa, injin niƙan da take ci da marayunta ya nutse rabi. Wannan matar ce ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu. Kunya ta kama shi.

"Auta, tsaya nan, kar ka ɓata kayanka," in ji ta.

Ya naɗe wando ya shiga, ya ɗauki bokiti ya fara kwarfa.

"Injiniyan nan dai ya cuce mu, kuma ya ɓata maka aiki," ta ce tana matse zane. "Da ya yi shawara da kai, ai da ka nuna masa hanyar ruwa."

Tela ya ci gaba da kwarfa, bai ɗago ba.

"Ɗazu matar Mahauci ta leƙo, wai jaje. Sai ga ta da wata magana, wai da bakinka ka ce a bar namu. Na ce ta fice mini, kar ta ƙara taka gidan nan. Shekara da shekaru muna zaman lafiya da ita, amma a kanka ba na ɗaga ƙafa." Ta jingina katifar da bango. "Na ce mata ni na goye ka, na san abin da za ka iya."

Ya cika bokitin, ya fita da shi waje, ya tsaya yana neman inda zai zubar.