Tsirkiyar Ermete

A birnin Mantova, inda raɓar tafki ke jiƙa har burodin da ke cikin kabad, ba wanda ke ganin ta kansa kamar mai kaɗa lutu. Lutu garaya ce mai ƙaton ciki irin ta mutanen da, tsirkiyoyinta na hanjin tumaki, shi kuwa hanji bai san alkawari ba: ya ji sanyi ya saki, ya ji ɗumi ya tsinke. Rabin rayuwar makaɗi a gyaran tsirkiya take ƙarewa, sauran rabin kuma a bai wa masu sauraro haƙuri.

Ermete dai ya daɗe da raba kansa da wannan azaba. Tun yana saurayi ya gano cewa zaren robar da masunta ke ɗaura wa fatsa yana zama daram a gurbin siririyar tsirkiyar nan mai yawan iyayi. Yakan dafa shi a baƙin shayi ya yi kalar hanji, ya ɗaura abinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Dole ya yi shiru, don shugaban ƙungiyarsu ta masu kiɗan mutanen da, Maestro Gualtiero, ko wutar lantarki kallon maciya amana yake yi mata. A hasken kyandir suke gwaji, suna karkarwa. Ya taɓa korar wata mai busa sarewa don ta liƙe tsagar sarewarta da gam na kanti. Ermete kuwa shi ne ɗan lelensa.

"Ku saurari Ermete," yakan ce, ido a lumshe. "Wannan tunkiyar ciyawar kan dutse ta ci. Har ƙanshinta nake ji."

Ana nan sai aka gayyace su wasa a tsohuwar fada, aka ce masana za su zo su dudduba kayan kiɗan. Ermete ya san asirin zarensa na shirin tonuwa. Furfura ta cika masa kai, kuma ban da kujerarsa a ƙungiyar ba shi da wata sana'a. Ya lallaɓa ya sayo hanji na gaske, ya ɗaura a gida, ya taɓa.

Sautin ya fito da 'yar dusashewa, da ɗumi, kamar mutum na yi maka magana a kusa da kunne. Matarsa Nives ta dakata da murza taliya.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya sa nake jin kuka? Kai da kiɗanka ko tukunya ba ya hana ni juyawa."

Ya kasa ajiye lutun har miya ta huce. Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi, don sai yanzu da tsufa ya ji muryar abin da ya ƙare rayuwarsa yana runguma.

Ranar gwaji, ko nisa ba su yi ba Maestro ya ɗaga hannu.

"Wa ya shigo mini da bokitin roba?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Maestro ya tako har gaban Ermete, gemu na rawa.

"Kai, Ermete? Kai da nake kafa misali da kai?"

"Maestro, ka duba da idonka, wannan..."

"In duba me? Kurma ne ni? Ka mayar mini da tsohuwar tunkiyata kafin gobe, ko ka bar mini kujera. Masanan ma ba mai taɓa kayana, kunnena ya ishe su shaida."

Gaskiya ta zo wa Ermete har maƙogwaro. Amma in ya faɗe ta, sai ya faɗi ta shekarun baya duka, kuma ya san inda mai sarewa ta ƙare. Ya haɗiye.

"Na tuba, Maestro. Sharrin zamani ne."

Da yamma ya biya shagon kayan kamun kifi. Mai shagon ya miƙo masa zaren da ya saba saya.

"Wai kai wane kifi kake bi ne shekara da shekaru, ko ƙaya ba ka taɓa kawo mana ba?"

"Yana nan," in ji Ermete. "Ya haɗiye fatsar tuntuni, ni ne dai na kasa sakinsa."

A gida ya tarar Nives ta ɗora ruwan shayi ba tare da ya roƙa ba. Kafin ya tafasa, ta jawo kujera ta zauna, shi kuma ya kaɗa mata hanjin sau ɗaya, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya kwance shi.