Dawar da Manu Ba Ya Girbewa

Da Manu ya hango akori-kurar nan ta tsaya a bakin gonarsa, shaƙe da bulo da buhunan siminti, sai ya nufe ta da magirbi a hannu. Shi ke nan, abin da yake gudu ya biyo shi har gona.

Wata dattijuwa ce ta fara saukowa, sai magininta Lawal. Ta ce sunanta Hajiya Raudatu, daga Funtuwa, ita ce mahaifiyar Zaharaddeen.

Sunan nan fa ba a faɗarsa da ƙarfi a ƙauyen su Manu, can bayan Mahuta. Shekarun baya ne 'yan bindiga suka ritsa 'yan sa-kan ƙauyen a bakin rafi, saura ƙiris su gama da su, sai jirgin soja mai saukar ungulu ya kawo ɗauki. Ya buɗe musu hanya suka tsira, shi kuma aka harbo shi. Zaharaddeen ne matuƙin. Manu ya janyo shi daga tarkacen da sauran numfashi, kafin la'asar ya cika. Hanya a toshe, ga zafin rana, sai suka yi masa sutura suka rufe shi a gonar, suka baje ƙasar. Da mutanen daji suka zo cigiya, Manu ya dubi bakin bindiga ya ce shi bai ga kowa ba. A kan wannan maganar gidansa yake tsaye har yau.

"Malam Manu, ba wani dogon gini ba ne," in ji Hajiya. "Ɗan ginshiƙi ne, a shafa farin fenti, a rubuta sunansa. A ƙasar Turawa ma haka ake yi wa irinsu, har furanni ake kai musu."

Farin fenti! A hanyar da baburan mutanen nan suke bi safe da yamma! Manu ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Hajiya, ki yi wa Allah ki yi wa Annabi. In aka ɗora bulo ɗaya a nan, wallahi ni da iyalina mun gama kwana a garin nan."

"To ɗan nawa kaza ce, da za a rufe a manta? Don ku fa ya mutu."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ta faɗa.

"Ba a manta ba, Hajiya. Zo ki gani."

An gama girbi, kara duk a kwance, gona fetal. Amma can tsakiya ga dawa a tsaye, kunya biyu sun kewaye wani ɗan fili, zangarniya ta sunkuyo, tsuntsaye sai shagali suke yi.

"Nan yake. Duk shekara nakan bar wannan. Abin da tsuntsu ya ci, ladan nasa ne."

Hajiya ta durƙusa ta dafa ƙasar. Ta yi kuka, ta yi addu'a mai tsawo, Manu kuwa amin yake cewa amma kunnensa na kan hanya. Da ta share fuska sai ta miƙe tana dube-dube. 'Yar manoman Tsiga ce, ba a yi mata bayanin gona.

"Malam Manu, daga hanya ana hango wannan dawar?"

"Ana hangowa."

"An taɓa tambayarka?"

"Bara wani ya tsaya da babur, ya ce tsoho wannan fa? Na ce ba ta nuna ba."

"To bana me za ka ce masa? Ga ta har tana zuba."

Ikon Allah! Mutum yana tsoron fenti, ashe shi da hannunsa yake kafa tuta kowace kaka, wai shi mai sadaka. Sai kuma ga ƙarar babura daga nesa, ta wajen rafi. Ko 'yan kasuwa ne, ko su ne, wa ya sani? Lawal, mai cika bakin zai gama gini kafin azahar, tuni ya ruga yana lulluɓe bulo da tamfal.

"Ba ni magirbin nan," in ji Hajiya.

"Haba Hajiya, sadakarsa ce fa."

"Ba ni na ce! Bai mutu don a zo a kashe 'ya'yanka a kansa ba."

Ita ta fara sara, tana kuka. Manu ya karɓa ya ƙarasa, suka kwantar da karan a kan filin kamar na ko'ina. Baburan suka zo, masu bindiga a kai, suka rage gudu, suka dubi tsofaffi biyu suna tara zangarniya, suka wuce.

A bakin mota Hajiya ta juyo don ta yi wa ɗanta sallama. Ta dubi gabas, ta dubi tsakiya, kara ne kawai a kwance, duk iri ɗaya.

"Malam Manu," ta ce a hankali, "ta ina ne ma?"