Kofi Ɗaya na Gawayi

Nevenka ta buga ƙofar Barba Frane da tafin hannu har karen maƙwabta ya ɗauki haushi. Matakala arba'in da biyu ta hawo a lungun unguwar Varosh da gwiwoyin da suka shekara sittin da uku, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"A buɗe take, kada ki ɓalle min ita," ya ce daga ciki. "Wannan bugu in ba na 'yan sanda ba ne, to na Nevenka ne."

Ta same shi zaune, sandunansa biyu jingine da bango. Mako shida ke nan da yi masa aiki a ƙugu. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne da kowa ke kira Barba, wato kawu, shi ya haɗa ƙaton tankin gilashi da ke ɗakin jira na asibitin haƙorin da take wa shara da goge shekara goma sha tara. Ruwan gishiri ne a ciki, da kifaye masu launi, da murjani mai rai wanda Barba ya rena tun yana kamar ɗan yatsa har ya yi rassa.

"Tashi ka sa wandon kirki. An kore ni."

"Wa ya isa?"

"Likita Bulat mana! Murjaninka ya yi fari fat kamar ƙashi. Wai ni na kashe shi da maganin goge gilashi. A gaban jama'a, Barba, mutum bakwai a zaune, har da matar da nake sayen kabeji wurinta a kasuwar Pazar. Ya miƙo hannu ya karɓe makullina kamar ya kama ɓarauniya."

Ku ji zalunci fa. Nevenka ba ta iya karanta rubutun jikin kwalba ba, amma tun ranar da Barba ya ce mata ko warin feshin goge gilashi ya sauka kan ruwan sai ya yi ɓarna, ba ta ƙara kusantar tankin da komai ba sai tsumma da ruwan famfo. Shekara tara tana haka, tun da aka kafa tankin, ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Barba ya daina murmushi. "Wa ya taɓa gawayin tace ruwa?"

"Shi da kansa, ranar Asabar. Ya ce ruwan ya yi rawaya, ba ya son baƙi su gani. Ya juye buhu guda. Na ce, Likita, Barba kofi ɗaya yake sawa, kuma sai ya wanke shi tukuna. Ka san abin da ya ce min? Wai Teta, kamar ni innarsa ce, je ki yi gogenki."

"Miƙo min sandunan nan."

Saukowa ta ɗauke su kusan rabin awa. Yana zagin wanda ya gina matakalar, tana zagin likita, tana riƙe da bel ɗinsa ta baya kada ya kife. A cikin bas ba ta roƙi kujera ba, ido kawai ta zuba wa wani mai ƙaton ciki har ya miƙe.

Ɗakin jira cike yake. Likita Bulat ya fito da takunkumi rataye a haɓa, yana ganin su fuskarsa ta canja.

"Barba, kai da ya kamata kana kwance? Teta Nevenka, ai na ce mun gama magana."

"Kai ka gama. Ni ban fara ba."

Barba bai kula su ba. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe yana kallo, kamar mai duba ɗansa a gadon asibiti. Sannan ya ce Nevenka ta buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashi, inda ruwa ke sauka a tace kafin ya koma sama. Shi ba ya iya sunkuyawa. Ita ta durƙusa, ta ciro jakar raga mai girman matashi, cike dam da gawayi, tana ɗigar da ruwa. Ta ɗora ta kan mujallun da ke bisa tebur, da gangan.

"Ɗebo min ruwan tanki a farin bokitin can."

Ta ɗebo. Ya leƙa, ya kira likita ya leƙa. Garau, kamar ba komai a ciki.

"Ka gani? Ya yi kyau," in ji likita.

"Ya yi kyau, shi ya sa suka ƙone. Gawayi bai yi laifi ba, ɗana, aikinsa ya yi. Kowace ƙwayarsa cike take da ramukan da ido ba ya gani, tana haɗiye dauɗa da wari da launi. Mako shida ba a canja ba, ruwa ya zama kamar shayi marar kauri, murjani ya saba da inuwa. Kai kuma ka wanke masa sama a dare ɗaya, hasken fitilar tanki ya sauko masa gaba ɗaya. Ɗauko mutumin da ya yi wata biyu a ɗakin ƙasa ka shanya shi bakin teku da tsakar rana a watan Agusta, ka ga yadda zai yi."

Wani tsoho mai kumburarren kunci ya yi dariya, ya kama baki don zafi.

Barba ya nuna yashin da ke ƙasan tanki da kan sandarsa. "Ga baƙar ƙura nan kwance, ko wanke shi ba ka yi ba. Dubi kifin can mai launin rawaya yana goga jiki da dutse. Da feshi ne, da kifayen ne za su fara zuwa sama suna haki. Ba wanda ya gaya maka sai an wanke gawayi tukuna?"

Likita ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa suka yi ja.

"Zai tashi?" ya tambaya a hankali.

"Wasu rassan da sauran nama a jikinsu. A rage fitila rabi, a yi haƙuri wata biyu, mu gani."

"To, Teta, mu shiga ofis mu yi magana."

"Babu ofis ɗin da zan shiga. Nan ka zubar min da mutunci, nan za ka kwashe shi."

Ya dubi masu jira, duk sun ajiye wayoyinsu sun zuba masa ido. Ya cire takunkumin gaba ɗaya.

"Ba ita ta yi ba. Ni ne. Ta gaya min, ban saurara ba."

"Ɗaga murya, na bayan can kurma ne," in ji Nevenka.

Ya maimaita. Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa mata, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin ta jefa a jaka.

Barba ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafa. "Ni da durƙuso mun rabu. Daga yau gawayi a hannunta yake. Ta fi ni sanin lokacin da ruwan nan ke canja fuska."

Nevenka ta naɗe hannun riga, ta ɗauko tsohon kofin Barba mai karyayyen mariƙi daga cikin kabad, ta cika shi da sabon gawayi, ta nufi famfo. Baƙin ruwa ya riƙa bi ta tsakanin yatsunta, tana juyawa tana jira ya yi fari. Likita ya biyo ta ya tsaya a baya yana leƙe.

"Wannan ɗan kaɗan ɗin zai isa kuwa?"

Ba ta waiwayo ba.

"Likita, je ka yi cirar haƙoranka."