Takalmin da Ya Ƙi Shiga

Raini ne ya ci wannan mutum, rainin abin da bai taɓa gwadawa ba.

Direban babbar mota ne, ana ce masa Ba-Tsayawa, don in ya ɗauki hanya ko ruwa ba ya sha, kada fitsari ya sa shi taka birki. Da 'yarsa ta haihu a wani birni can bayan teku, sai ta aiko masa da tikitin jirgi ya zo ya ga jikansa.

Ƙafarsa ta dama, mai taka totur, ta kwana biyu tana yi masa nauyi. 'Yar ta san da haka, ta kira shi a waya.

"Baba, wuni guda cur za ku yi a sama. Don Allah ku riƙa shan ruwa, ku riƙa tashi kuna miƙe ƙafa."

"Ke! Ni za ki koya wa zama? Tun ba a haife ki ba nake kan kujera."

Matarsa tana ninke masa kaya ta ce, "Maigida, a mota ai kana sauka ka yi salla, ka duba taya. Can fa babu gefen titi."

"To ki zo ki tuƙa jirgin mana."

Kujerar bakin taga aka ba shi. Wata budurwa ta zauna kusa da shi, jirgi na tashi ta yi barci, ta tare hanyar fita. Shi da furfurarsa ya tashi 'yar mutane don zai zagaya? Ma'aikaciyar jirgi ta kawo ruwa, ya ɗaga mata hannu. Ta sake kawowa, ya kau da kai.

A jikin kujerar gabansa akwai ɗan allo, da hoton jirgi kamar tururuwa bisa shuɗin teku. Ya yi gyangyaɗi ya farka, tururuwar tana nan kamar ba ta motsa ba. Babu gari, babu tasha, babu ko bishiyar da mutum zai ce ya wuce.

Sharaɓarsa ta ɗauki zafi. Ya tuɓe takalma, ya matsa wurin, ya ji ta yi tauri kamar tayar da aka cika wa iska. Budurwar ta farka ta ce, "Baba, za ku fita ne?"

"Yi barcinki, 'yata."

Da jirgi ya sauka, takalmin hagu ya shiga. Na dama ya ƙi. Ya tura, ya danna, ya ƙi. Haka ya fito da shi a hannu, yana jan ƙafa, numfashinsa yana sarƙewa.

'Yarsa ta hango shi, da jariri a kafaɗa. Murmushinta ya tsaya.

"Baba, ina takalminku?"

Ya buɗe baki, iska ta ƙi zuwa.

A asibiti likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar saboda dogon zama, gudan jinin ya ɓalle ya hau huhu. Rai ya tsira, amma ga abin da ya bari a kujerar nan: ƙafar totur, wadda har yau janta yake yi, da motarsa, wadda aka sayar, da numfashin hawa bene, da ɗaukar jikansa a tsaye, wanda bai samu yi ba ko sau ɗaya.

Yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Sunan dai ba a canza masa ba.