Waƙa ta Uku a Faifan Phida

…ashirin kawai, haka Kong Rilin ta ce. Kwali ɗaya, faifai ashirin, don ɗakin da ta share masa a Mawlai gado da tebur sun riga sun cinye shi. Ashirin cikin ɗari biyu da ɗoriya. Yayarsa ce, ba a musu da ita, amma me ta sani? Matar da har gobe take kiran jita «wannan katakon naka». Bah Teibor yana durƙushe gaban kantar faifansa, gwiwoyinsa na kuka, ruwa na dukan kwanon rufi tun safe kamar yadda ya saba a Shillong, mota kuma za ta zo ƙarfe goma sha ɗaya. Yanzu goma ta ɗan gota.

Ba wanda ya kore shi, a faɗi gaskiya. Gidan na matarsa Phida ne, kafin ita na uwarta ne, yanzu da Phida ta rasu ya koma hannun autarsu Ibanri, haka al'adarsu take tun kaka da kakanni, gida na auta mace ne. Shi da jita da akwati ɗaya ya shigo, shekara talatin da takwas ke nan, ɗan wasu da ya zo aure. Ibanri har da hawaye ta ce ya zauna. Mijinta ma ya ce ya zauna, da ladabinsa, yana kallon ƙasa… to, ya zauna a matsayin wa? Wata huɗu yana cin shinkafa a teburin da ba mai yi masa tsawa in ya bar cokali cikin tukunya. Kowa na lallaɓa shi, lallaɓawar nan ita ce ke kashe shi. Gara ya koma gidan dangin uwarsa inda ya fito.

Faifan mai jar kujera — wannan ba sai an yi shawara ba, cikin kwali. Ya san sunansa na gaskiya, ya san sunan kowane mai kiɗa a ciki har da wanda ya buga ƙararrawa sau biyu ya tafi, amma Phida da hoton da ke rigar faifai take kiransu, mai kujera, mai gada, mai doki, har shi ma bakinsa ya bi. Yadda faifan nan yake farawa… babbar jita ita kaɗai, a hankali, kamar mutum na saukowa daga bene ba ya so a ji. Sai ganga ta faɗo. Allah, gangar nan! Yana da shekara goma sha bakwai, su shida a wani ɗaki a Laitumkhrah, lasifika ɗaya tak, an kifa ta a bakin tukunyar ƙasa don muryar ta yi kauri, kowa baki ja da goro da ganye, ba mai tofarwa don kada a rasa wani abu. Da gefen farko ya ƙare ba wanda ya tashi ya juya. Sun manta ana juyawa. Ya fito titi ranar nan ya ga shagon mai nama, ya ga cocin, ya ga karen nan mai ƙafa uku, komai na nan yadda yake, shi ne dai ba shi ba.

Mai gada — cikin kwali. Waƙa ta huɗu, inda muryar mutumin ta karye a tsakiyar kalma, suka bar ta haka. Suka bar ta! Suna da kuɗi, suna da lokaci, za su iya sakewa sau ɗari, wani mai hankali a ɗakin nan ya ce a'a, nan ne gaskiyar take. Wane ne shi? Bah Teibor zai so ya sha shayi da mutumin nan. Shekara arba'in yana jiran karyewar nan duk lokacin da allura ta kusa wurin, kuma ba ta taɓa zuwa ta same shi a shirye ba.

Mai doki faifai biyu ne a riga ɗaya. Ɗaya za a ƙirga ko biyu? Ɗaya. Rilin ba za ta buɗe ba.

Mutanen nan ba su san akwai wani gari a kan duwatsu da ake kira Shillong ba. Suna can ƙasarsu mai sanyi, gashi har kafaɗa, wataƙila ma ba su da kirki, wataƙila sun bar 'ya'ya a ko'ina… amma yaya aka yi suka san abin da ke cikin ƙirjin ɗan akawun ofishin gandun daji? Ya yi ta tambayar kansa. Abin da ya sani shi ne ba a cin amanar irin wannan aiki. Faifai daga farko ake jin sa har ƙarshe, a jere, yadda masu shi suka tsara. Ba tsallake waƙa. Ba magana. Ba taɓa fuskar faifai da yatsa. A zauna daidai tsakiyar lasifika biyu. Dokokin gidan ke nan, su kaɗai ne nasa a gidan da ko ƙusa ba tasa ba ce, kuma Phida ta bar masa su. Takan leƙo da tsumma a kafaɗa ta ce in liman ya gama hidima abinci na hucewa.

Goma sha huɗu. Goma sha biyar. Wannan mai fiyano da ke sa shi tuna mahaifinsa ba gaira ba dalili… a'a, ba yau ba. To, shiga dai.

Layin ƙasa kuma tarkace ne. Waƙoƙin Kirsimeti, wani mai koyar da rawa, abubuwan da suka zo a haɗe lokacin da ya sayi kayan wani Bature mai gonar shayi da zai koma gida. Sai wannan. A rigarsa mace ce da koren kwat, tana riƙe da lema a rufe cikin ruwa, tana dariya har ana ganin dasashi. Kiɗan wanke-wanke, haka ya kira shi, bai ma ɗora shi a kan na'ura ba. Ya miƙa wa Phida, amarya ce lokacin, ya ce ga naki, irin na 'yan mata, alewa ce zalla. Ta karɓa. Ya ɗauka ta jefar.

Me ya sa rigar ta yi laushi haka? Kusurwar ta zama rawaya… kurkum ne. Shatin babban yatsa, ɗaya kan ɗaya kan ɗaya.

Yana zaro shi, yana karkata shi wajen taga. Gefen farko. Waƙa ta ɗaya baƙa ƙirin, tana ƙyalli, ta biyu haka, ta huɗu haka, ba a taɓa su ba. Ta uku ta yi fari-fari kamar gwiwar tsohon wando. Allura ta cinye ta. Ga ƙananan karce a bakin shiga, inda hannun da bai iya ba yake dire allura, ya kuskure, ya ɗaga, ya sake. Da allurarsa! Allurar da ya aika har Kolkata aka kawo masa! Tsallake waƙa biyu, a faɗa ta uku kai tsaye, a gidansa — a'a, gidanta — ransa yana ɓaci, da gaske yana ɓaci, yana juyawa ƙofar kicin zai yi magana.

Ba kowa a ƙofar.

Yaushe? Yaushe ta… Asabar. Kowace Asabar. Shekara ashirin da biyar yana ɗaure jita a bayan jif shi da 'yan ƙungiyarsu, su gangara Assam su yi wa manajojin gonakin shayi kiɗa, su kwana can, su dawo Lahadi da rana sun makara zuwa coci. Ita tana nan da yara uku da tsohuwar uwarta mai ciwon ƙafa. To shi ke nan, ya gane. Waƙar kuka ce. Mace a taga, miji ya tafi, ruwa na zuba. Shekara ashirin da biyar tana kuka da wannan yana can yana karkaɗa gashi gaban matan manajoji. Ya cancanta. Bari ya ji, bari ta faɗa masa, ko da bakin wata ne.

Na'urar ba a kwance ta ba tukuna, ita ce ƙarshen shiga mota. Yana ɗora faifan. Hannunsa yana zuwa bakin farko da kansa… yana tsayawa. Yana matsar da shi ciki. Ta uku. Karo na farko a rayuwarsa.

Shuuu, kamar ana suyar albasa. Sai tafi.

Tafi?

Tafi ne, da ganga mai tsalle, da ƙahoni uku da suka shigo tare kamar an banko ƙofa. Ba kuka a nan. Mawaƙiyar tana cewa ta sa takalmin da ke matse ta kuma ba ta damu ba, a buɗe taga, a ture tebur. Shirme. Shirme ne tsantsa… amma ji babbar jitar can ƙasa. Ji abin da take yi! Ba ta bin ganga, tana zagaye ta, tana zolayarta, ta makara da gangan sannan ta cim mata. Wane ne wannan? Wane ne wannan mutumin, a ina yake duk shekarun nan? A layin ƙasa, kusa da waƙoƙin Kirsimeti. Ga muryar kuma, tana hawa, tana hawa, ya tabbata za ta faɗi, ba ta faɗi ba, ta tsaya can sama ta yi dariya a cikin waƙar, dariyar gaske, ba su goge ba. Minti uku. Ba gram ɗaya na banza a ciki. Mai jar kujera yana buƙatar minti arba'in kafin ya kai mutum inda wannan ta kai shi kafin shayi ya huce. Yana da kyau. Wayyo, yana da kyau ƙwarai, kuma shi ne ya ce alewa ce.

Ƙafarsa ta hagu tana bugawa. Bai ba ta izini ba.

«Pa.»

Ibanri ce a ƙofa, hannu duk garin shinkafa, cikinta ya turo gaban zanen. Ba shi take kallo ba, na'urar take kallo.

«Waƙar Asabar ta Mei,» ta ce, uwarta take nufi. «Da jif ɗinku ta sha kwana Mei take cewa mu kama teburin nan. Har kaka ana ɗaga ta daga kujera. Mei ta fi kowa iyawa, Pa, da ludayi a hannu. In mun gama ta goge allurar da gefen zanenta ta ce kowa ya yi shiru da bakinsa.»

Phida tana rawa. Phida? Matar da a bikin aurensu ta ce ƙafarta na ciwo, wadda a duk wasan da suka yi a filin Polo take tsayawa can baya da jaka a ƙirji… ba ciwo ba ne. Ba kunya ba ce. Shi ne. Shi da dokokinsa, da zama tsakiyar lasifika, da alewa ce zalla. Ya yi ta koya mata yadda ake sauraro, shekara talatin da takwas, bai taɓa tambayarta me take ji ba. Akwai wata mata a gidan nan mai rawa da ludayi, kowa ya san ta, yara sun san ta, tsohuwa ta san ta, teburin nan ya san ta — shi kaɗai ne jif ke ɗaukewa kafin ta fito. Ba fushi yake ji ba yanzu, kishi ne, kishin 'ya'yansa, da kewa irin wadda bai yi ba ko ranar jana'iza.

Hon ɗin mota a ƙasan tudu. Sau biyu, irin na Rilin, ko da ba ita ke tuƙi ba.

Ya sa shi a kwali? Ba nasa ba ne. Ya bayar da shi da hannunsa, na gidan nan ne, daga uwa zuwa auta. Ya bar shi? A Mawlai wa ya san yadda take juya kafaɗa, wa ya san ko tana rufe ido, ko tana bin waƙar da baki, ko daidai dariyar nan ita ma tana… Rilin ba ta sani ba. Ɗari biyu da ɗoriyar nan ba su sani ba. Mutum ɗaya ce ta sani a kusa, tana tsaye a ƙofa da gari a hannu.

Waƙa ta huɗu ta fara, sabuwa fil, ba wanda ya taɓa jin ta a gidan nan. Hon kuma. Yana ɗaga allurar, yana kuskure bakin ta uku, yana ƙara karce ɗaya a kan nata.

«Ta wane gefe kuke kama teburin?»

Ibanri tana goge hannu a zane. Tafin ya fara. Shi yana tsaye tsakiyar ɗaki, kwali a buɗe, goma sha shida a ciki, mota na jira cikin ruwa, bai san ƙafar da ake fara ɗagawa ba…