Ranar da Bebe Ta Ƙi Tashi Daga Silima

Nazru wanzami ne ya kawo labarin. Yana yi wa mijina Mushtaq gyaran fuska a ƙofar gida, aska a maƙogwaron mutum, baki kuwa yana ta zuba kamar kullum. Ya gama da tsadar garin alkama, ya gama da sukarin da ya ɓace daga shagon rabon gwamnati, sannan ya ce, "Af, Mian Mushtaq, jiya fa na ga ƙaninka."

Ina bayan labule ina tsintar shinkafa. Bebe, uwar mijina, tana gefena tana kaɗi. Na ga hannunta ya tsaya cak.

Inayat autan Bebe ne. Tun shekarar da kogin Jhelum ya yi ambaliya ya bar gida, bayan sun yi kaca-kaca da yayansa a kan ɓaunar gida da muke tatsa. Inayat ne ya rene ta tun tana 'yar maraƙa, Mushtaq ya sayar da ita don ya ƙara yadi a shago, bai ko shawarce shi ba. Yaro ya hau jirgin ƙasa mai zuwa Karachi, shi ke nan, ko wasiƙa. Wasu suka ce zazzaɓi ya kashe shi a can, wasu suka ce aikin jirgin ruwa ya bi. Mushtaq ya rantse kada a ƙara ambaton sunansa a gidan. Ni da nake share ɗakin Bebe na san ba ta barci. Abu ɗaya take so a duniya, ta sani ko ɗanta yana numfashi.

"A silima na gan shi," in ji Nazru. "Cikin labaran duniyan nan da ake sawa kafin fim. Baje koli aka yi a Karachi, jama'a maƙil, sai ga mutumin ya gifta. Wallahi shi ne. In za ka gani ka hanzarta, ranar Alhamis za a ɗora faifan a jirgi, a kai wa 'yan gaba."

"Yi askinka," in ji Mushtaq. "Ni ba ni da ƙani."

Bebe ta juyo ta dube ni. "Kishwar, yaushe ce ranar mata?"

"Ranar mata a ina, Bebe?"

"Kada ki raina mini hankali. Duk Larabar da kika ce za ki duba innarki marar lafiya, da waƙa a baki kike dawowa. Innar nan taki ta fi kowa daɗewa a jinya."

Na sunkuyar da kai ina dariya. Wannan fa ita ce matar da take kiran silima ɗakin aljanu, wadda in mun bi ta ƙofar wurin take kawar da kai tana tofi.

Ranar Laraba da azahar Bebe ta sa rigarta ta Idi, ta zizara kwalli, ta ɗaure gurasa mai man shanu da yajin mangwaro a ƙyalle. Na ce, "Wa za ki ba?" Ta ce, "Ina ruwanki?" Muka zumbula burƙa, muka hau keken doki.

A bakin ƙofa Masi Jannat ce, bazawarar da take sayar da tikiti ranar mata. Ta ce benci anna huɗu, kujera anna takwas.

"Anna huɗu don in zauna a duhu?" in ji Bebe. "A gidana kyauta nake zama. Ni ɗana kaɗai na zo gani. Nawa ne nasa wurin?"

"Haba Bebe, fim ai ba yadi ba ne da za a yanka miki kamu guda," in ji Masi Jannat.

"Babu abin da ba a yankawa, 'yar nan."

Na yi sauri na biya, na ja hannunta, tana tafe tana mitar cewa a zamaninta da wannan kuɗin har kaza ake saye.

Wanda bai ga silimarmu ranar Laraba ba bai san matan garinmu ba. Da an shiga kowa take tuɓe burƙarta ta rataya a bayan benci, a saki kitso, a miƙe ƙafa. Ga goyo, ga rake, ga ɓawon gyaɗa har idon sawu, ga ƙamshin man gashi ya gauraya da na soyayyen wake. Ba namiji ko ɗaya, sai Ustad Feroz mai injin majigi, shi ma yana can sama a kulle cikin ɗan ɗakinsa, ta wata 'yar kafa haskensa yake fitowa.

Aka kashe wuta, sai kawai fim ya fara. Ba a sa labaran ba. Ni dai ban taɓa ganin labaran nan ba, amma na ɗauka don kullum a makare nake zuwa ne. Na raɗa wa Bebe, "Wataƙila sai a ƙarshe."

"To Allah ya kai mu," ta ce.

Da jarumin ya ɗago ido ya kalli wajenmu, Bebe ta ja mayafi ta rufe fuska. "Wannan marar kunyar me yake kallo?" Na ce ai ba ya ganinta. Ta ce, "Ke ce ba ki san maza ba." Da yarinyar ta shiga rawa cikin ruwan sama, Bebe ta tambayi duk layinmu ko ba ta da uwa ne da za ta kira ta ciki. Mugun mai gonar da ke cikin fim ɗin kuwa ya sha zagi, har ta cire takalmi za ta jefe shi, na riƙe. Kafin a kai rabi ta saki mayafin, tana share hawaye tana karɓar gyaɗa a hannun matar da ba ta sani ba. Amma duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓo ni ta ce, "Ki lura fa, kada ya wuce."

Fim ya ƙare, aka kunna wuta. Mata suka fara laluben takalma da 'ya'ya. Bebe ta dubi farin ƙyallen da babu komai a kansa, ta dubi Masi Jannat.

"Ina Inayat?"

"Wayyo Bebe, ai da kin faɗa mini labarai kika zo gani. Ranar mata ba a sa su. Sheikh Latif mai silimar ya ce ɓarnar wuta ce, me mace za ta yi da labarin duniya? Gara a tashi da wuri ku je ku kwaɓa gari."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe baki zan fara. Bebe ta riga ni, kuma ba da baki ba. Ta cire takalmanta, ta ajiye su gefe, ta hau benci ta tanƙwashe ƙafa.

"To, a nan zan kwana."

Sughran unguwarzoma ta riga ta sa burƙa har ta kai ƙofa. Ta tsaya, ta juyo, ta sake tuɓewa. "Ni na yanke wa yaron nan cibi," ta ce. "Nima zan ga yadda ya koma." Razia matar tela ta zauna. Matar malamin makaranta ta zauna. Kafin ka ce kwabo kowa ya koma mazauninsa, burƙoƙi suna rataye, kawuna a buɗe. Bebe ta kwance ƙullinta ta fara rarraba gurasa.

A waje maza sun fara layin kallon yamma. Sheikh Latif, mai silimar, ya zo bayan labulen ƙofa ya yi gyaran murya.

"Iyayena, yayyena, lokaci ya yi. A taimaka a fita."

Aka yi masa kunnen uwar shegu.

"To ku rufa, zan shigo."

"Ba za mu rufa ba," in ji Razia. "Shigo in ka isa. Ga matar ɗan sanda, ga 'yar liman, ga surukar alƙali, duk kai a buɗe. Zaɓi wadda za ka fara gani."

Labulen ya motsa, amma ƙafa ba ta ƙetaro ba. Ya sani sarai, in ya leƙo ko da ido ɗaya ne, gobe ba silima ba, ko garin ba zai kwana ba. Ya koma lallashi. Ya ce injin ya yi zafi. Ya ce faifan an riga an ɗaure shi. Ya ce zai mayar wa Bebe anna huɗunta.

"Riƙe kuɗinka, ɗana," in ji Bebe. "Nawa ɗan nake so."

Can daga kujerun baya wata murya ta ce, "Baban Parvez, ka sa musu mana." Matarsa ce. Ashe tun ɗazu tana cikinmu tana shan rake. Dariyar da aka yi har jarirai suka farka.

Sannan ga wata fitinar. La'asar ta yi sanyi, ba gidan da hayaƙi ya tashi. Mazan da suka dawo daga kasuwa suka tarar da murhu a mace, suka biyo sawu, suka taru a kan masu layi. Muna jin su ta bango, wannan yana tambayar matarsa, wancan yana tambayar abincinsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Muka ji Sheikh Latif yana hawa matakala yana huci, sai wuta ta mutu.

Aka buga wani kiɗa mai kama da na soja, wani mutum ya hau magana da sauri kamar ana korarsa. Ga manya suna yanke ƙyalle a ƙofar masaƙa. Ga jirgin ruwa ana sauke buhunan alkama, tsibi guda.

"To ina take shiga?" in ji wata. "Ni dai ban gan ta a tukunyata ba."

Ga samari cikin fararen kaya suna wasan ƙwallon kurket. Sannan baje kolin: fitilu, rumfuna, wani ƙaton lilo na ƙarfe yana juyawa da mutane, jama'a suna ta giftawa. Razia ta ce, "Ga shi can," kafin Bebe ta ce ina, an koma nuna shanu.

"A tsayar," in ji Bebe. "A koma baya, a tsayar."

Muryar Ustad Feroz ta fito ta 'yar kafarsa. "Bebe, in na tsayar, zafin fitila zai cinye shi, ɗan naki ya ƙone a gabanki. Sai dai in naɗe in sake daga farko."

"Kada ka ƙona min shi. Sake."

Wannan karon ta sauko daga benci, na riƙe mata hannu muka je har gindin ƙyallen. Muka sake haƙuri da manya da almakashinsu, da alkama, da 'yan ƙwallo. Yanzu duk ɗakin ya san wurin. Da lilo ya bayyana mata suka haɗa baki, "Dama, Bebe, duba hannun dama."

Sai ga shi. Inayat ne, ba tantama. Ya tara gashin baki, ya yi kumatu, rigarsa fara tas, yana tafe yana dariya. A wuyansa kuwa ga wani ɗan yaro zaune, ƙafafu suna reto a ƙirjinsa, hannu ɗaya ya damƙi sumarsa, ɗayan yana riƙe da alewar auduga.



"Wanzami bai ce da yaro ba," in ji Sughran a hankali.

"Wanzami namiji ne ai," in ji Razia. "Duk garin sun kalla, lilo suka gani."

Bebe ba ta ce a sake ba, Ustad Feroz ma bai jira a ce ba. Muka ji injin yana naɗewa. A karo na uku ko kallon Inayat ba ta yi ba, sama da kansa ta zuba wa ido.

"Goshin marigayi kakansa ne," ta ce. Sai ta fashe da dariya, hawaye suna bin kwallin nan har haɓa. "Ku dubi sakarai, ya fito da yaro cikin taro ba ko hula. Yana raye, Kishwar. Yana raye, har yana da mai ja masa gashi."

Ni ma kuka nake ina dariya. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba. Mata suka yanyame Bebe, wannan ta rungume, waccan ta yi barka, Sughran tana cewa alewa dai sai an raba, ba za a ci musu haƙƙi ba.

Muka rufa muka fito. Maza suka dare mana hanya, kowa yana harar burƙar da yake zaton ta gidansa ce. Mushtaq yana tsaye can gefe da mukullin shago a hannu, fuska a murtuke. Bebe ta nufe shi kai tsaye, ta ɗage mayafin fuskarta a tsakiyar titi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ƙaninka yana nan da ransa, ya fi ka ƙiba," ta ce. "Kuma ka zama baffa."

Mushtaq ya kawar da kai. Ya dubi mukullinsa, ya juya shi, ya sake juyawa. Da ya yi magana, da ƙyar na ji.

"Mace ce ko namiji?"

Bebe ta tsaya. Ta dube ni, na dubi Sughran, Sughran ta watsa hannu. Duk kallon nan da muka yi, yaro kawai muke ta cewa, amma ba wadda za ta iya rantsewa namiji ne.

"Ban sani ba," in ji Bebe. "Jirgin Karachi da safe yake tashi. Ka je ka gano mana."